Tuluna da Bangon Inna

Na shiga Kwatano da rakiyar wata mata da har yau ban ƙara ganin ƙeyarta ba. Laraba sunanta, ko dai sunan da ta ba ni ke nan. A wani biki muka haɗu can gida, wajen Malumfashi. Ta ji mijina ya rasu, gonarmu kuma ta gagara nomawa saboda 'yan bindiga, sai ta dafa kafaɗata ta ce tana da gidan abinci a ƙasar Benin, hannu kawai take nema. Ni kuwa a lokacin ko a bayan teku aka ce aikin yake zan bi. Na bar 'yata wurin mahaifiyata na biyo ta.

A bodar Seme ta karɓi 'yan kuɗina ta ce za ta canjo mini sefa, kuɗin ƙasar, wai 'yan canji suna cutar baƙo. Na yi mata godiya har da durƙusawa. Muka iso tashar Jonke da la'asar, ta zaunar da ni gefen wata mai suyar doya, ta ce in riƙe jaka za ta nemo mana zem, ɗan acaɓan nan nasu mai rawayar riga. Ina nan zaune kamar an dasa ni, duk macen da ta gifta sai in miƙe. Ban yarda an gama da ni ba sai da mai doyar ta fara wanke kaskonta.

Mai doyar 'yar ƙabilar Fon ce, ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta dubi mayafina, ta dubi jakar, ta ce, "Awusa?" Na ɗaga kai. Ta ce, "Zongo," ta nuna hanya da leɓe. Ta ƙunsa mini doya a takarda, ta tsayar da zem, ta kwance gefen zaninta ta biya shi. Ko kalmar godiya ban sani ba a yarensu, sai na kama hannunta da hannu biyu, ita kuma ta fizge tana dariya don duk mai ne a jikinsa.

Abin da ya fara tarata a Zongo wani mahauci ne yana zagin direban da ya tare masa gaban tebur. Da Hausa yake zagin, har da uwa da uba. Ban taɓa jin zagi ya yi mini daɗi irin na ranar ba. Na tsaya a tsakiyar titi ina kuka, har mahaucin ya bar zaginsa ya zo yana tambayata wa ya mutu.

A Zongo ba a barin Bahaushe ya kwana a titi. Aka kai ni wani gidan haya, wakilin gidan, wani tsoho mai goro a baki, ya buɗe mini ɗakin ajiyar gawayi a ƙurya ya ce in zauna har in samu wurin dafawa. Ya tambayi sunana, na ce Saratu. Sannan na ce, "Baba, gara in faɗa maka tun yanzu, ni Kirista ce."

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "Ku 'yan Nijeriya akwai wasa. Bahaushiya Kirista? To ni ma Fafaroma ne."

A ƙasar nan in aka ce Hausa an ce Musulmi, magana ta ƙare. Mutum ɗaya ne a tsakar gidan bai yi dariya ba, wani mai sayar da albasa da ake kira Malam Nura. Shi mutumin Funtuwa ne, ya san akwai irinmu, ya san ƙauyukanmu, ya san ma wace hanya ake bi zuwa namu. Ya jira wakili ya wuce, ya ce da ni a hankali, "'Yar garinmu, babu laifi. Ki dai riƙe abinki a ɗaki." Kuma shi ne ya samo mini aiki kafin mako ya zagayo. Wannan ba zan ɓoye masa ba, ko da yake abin da ya biyo baya ya biyo.

Aikin guga ne a kasuwar Misebo, inda ake kwance dilolin gwanjo. Tufafin suna fitowa a cukurkuɗe da wani warin magani, ni kuma in bi su da dutsen guga na gawayi har su koma kamar ba a taɓa sa su ba. Tun safe har yamma ina tsaye. Mai shagon da hannu yake yi mini magana: nuni ɗaya ƙara wuta, nuni biyu yi sauri. Sai in wuni ban furta kalma goma ba. Har na fara magana da rigunan, in ce da wata kwat, "Kai kuma wane mai tumbi ne ya yar da kai?"

Lahadin farko na yi kwalliya na nemi coci. A ta farko mai tsaron ƙofa ya dubi mayafina ya yi ta nuna mini hanyar masallaci, yana ganin taimakona yake yi. Da na samu na shiga, Faransanci ne da Fon daga farko har ƙarshe, amin kaɗai na tsinta. Aka ce akwai ta 'yan Nijeriya, na je. Can kuma wata mata ta ce da ni "Hajiya", ta janye jakarta ta ɗora a cinya. Na dawo Zongo ina jin haushin kowa. Masu harshena ba su san addu'ata ba, masu addu'ata ba su san harshena ba.

A gida ni ce mai buga tulu a zumuntar mata. Tulun ƙasa ne, ana dukan bakinsa da soso, ya ba da wata murya mai zurfi da ake ji a ƙirji. Ranar da na fara karɓar ladan guga, kafin in sayi katifa, na tafi kasuwar Tokpa na yi ta ƙwanƙwasa tuluna ina kasa kunne, mai sayarwa tana kallona kamar na zare. Na zaɓi ɗaya na ɗauko a ka. Mutanen gida suka ce, madalla, Saratu za ta sha ruwan sanyi. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shiga cikinsa ba. Ran Lahadi da hantsi, idan gida ya watse, sai in rufe ƙofa, in zauna a jikin bangon ƙurya, in buga a hankali da tsohon silifa, in yi waƙoƙinmu ni kaɗai. Wannan ita ce cocina.

Wata Lahadi ina tsakiyar waƙa na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bango. Na katse waƙar. Gidajen Zongo a manne suke, bangona shi ne bangon gidan baya, kuma akwai 'yar tazara a ƙarƙashin kwano. Ta nan wata tsohuwar murya ta sauko.

"Wace ce wannan mai Hausar kakata? Zagayo in gan ki."

Na zagaya. Ganin kuwa a baki ne kawai, don idanunta sun daɗe da tafiya. Hajiya Inna ake ce mata. A Kwatano aka haife ta, amma kakanta daga ƙasar Katsina ya zo da fataucin kanwa, ya zauna. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, tana kan gado da wata sanda a gefe, da ita take buga bango in tana kiran mutane. Gidan cike yake da jikoki, sai dai Faransanci da Fon suke yi, Hausarsu kuwa ta kasuwa ce, ta nawa-ne da rage-mini. Sukan leƙo su ce bonjur su wuce. Ta kama hannuna ta shafa, ta ce, "Yi magana. Ko me kika ga dama, ke dai yi."

Na ce, "Inna, kafin in yi, ki sani waƙar da kika ji ta coci ce. Ni Kirista ce."

Ta ce, "Na ji ai. Makanta na yi, ba kurumta ba. Allah ya shirye ki. Kin iya miyar kuka?"

Daga ranar, in na taso daga guga can nake zarcewa. Na yi mata tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, ta ci tana hawaye tana zagin jikokinta da ba su san abinci ba sai taliya da burodi. Na yi mata kitso, na yanke mata farce. Ta riƙa tambayata sunayen abubuwan da suka ɓace mata: ciyawar nan da ake yi wa jego wanka da ita, tsuntsun nan mai kuka kafin ruwa. In na faɗa sai ta tafa hannu ta ce, "Shi ne! Haka kakata take cewa." 'Yar coci take kirana. Kullum sai ta ce tana roƙa mini shiriya, ni kuma in ce, "Ni ma Inna ina roƙa miki," ta ɗaga sanda ta ce za ta fasa mini kai. In an kira salla ni nake zuba mata ruwan alwala, in juya ta ta fuskanci alƙibla, in koma bakin ƙofa in jira ta idar. Ban taɓa yi mata wa'azi ba, ita ma bayan addu'ar nan tata ba ta taɓa matsa mini ba. A duk faɗin Kwatano, ɗakin nan ne kaɗai inda nake buɗe baki in yi dariya.

Ɗanta shi ne Alhaji Mudi, delegen unguwa, wato mai unguwar da aka zaɓa, mai hatimin gwamnati. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma yana cikin dattawan masallaci. In ya tarar da ni a ɗakin yakan ce, "Sannu da ƙoƙari," ya gaida uwarsa ya fita. Ban san ko ya san ko ni wace ce ba, ban kuma tambaya ba.

Abin ya fashe ne ranar sunan wata tattaɓa-kunnenta. Gida ya cika da mata, aka kawo jaririyar aka ɗora wa Inna a cinya. Tana jijjiga ta, sai ta fara gunguni da hanci, tana buga gefen kwanon sha da yatsa. Ko kalma ɗaya ba ta furta ba, karin ne kawai, amma karin waƙata ne na ran Lahadi, har da inda tulu yake faɗawa. Matan Kwatano suka yi ta murmushi, su a ganinsu waƙar reno ce ta mutanen da. Matar Malam Nura ce kaɗai ta ajiye cokali. Ita ta tashi a layin da coci take, ta san wannan karin kamar yadda ni ma na san karin kiran salla. Ta dube ni, na dube ta, na san an gama.

Kafin kwana biyu magana ta zagaye unguwa, kuma a hanya ta yi ƙiba. Aka ce ina shiga da littafi a ƙarƙashin mayafi. Aka ce turo ni aka yi, gugar ma fakewa ce. Aka ce tulun nan akwai abin da ke cikinsa. Wakilin gida da ya ce shi Fafaroma ne ya daina dariya, ya ce mai gidan yana Parakou kuma ya ce duk abin da delege ya yanke shi ke nan. Malam Nura ya tare ni a bakin famfo, idonsa ja, ya ce, "Na ce ki riƙe abinki a ɗaki. Tsohuwa mai jiran ƙasa za ki ɓata wa lahira?"

Na ce, "A ɗakin na riƙe shi. Bangon ne ba ka yi wa kashedi ba."

Bakina ke nan, tun ina yarinya yake ja mini. Washegari aka aiko in zo gaban delege bayan la'asar.

Sai da na ɗaure kayana kafin in tafi. Ni na san hukuma, ko dai na ɗauka na sani. A garinmu mun yi shekaru muna neman izinin gyara rufin cocinmu, duk ofishin da muka je sai a dubi sunan mai neman a ce a dawo. Kuma kada in yi son kai, na taɓa zama wurin yayata a wani gari inda namu ne a kan kujera, na ga yadda aka yi ta yawo da hankalin masu neman filin idi. Abin da na taso na sani shi ne, wanda yake kan kujera da addininsa yake zaune, in ba naka ba ne ka kama bakinka. Ga shi nan mai kujerar Alhaji ne, uwarsa ce kuma a tsakiyar maganar. Abin da ya fi ci mini rai ba ɗakin gawayin ba ne. In aka tashe ni daga Zongo, ina zan ƙara jin Hausa, kuma wa zai kira ni 'yar coci?

Na tarar da su a barandar masallaci, Alhaji a kan tabarma da carbi, Malam Nura da wasu 'yan kasuwa mutanen Nijeriya sun kewaye shi. Na durƙusa daga nesa. Malam Nura ya yi bayani, kuma ban ce ya yi ƙarya da gangan ba, abin da ya gaskata ya faɗa. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam Nura, me kake so a yi?"

"A tashe ta daga unguwa, ranka ya daɗe. Kai ne hukuma. Hatimi ɗaya za ka buga."

"In nasiha kuke so, ga tabarma. In maganar hatimi ce, ba nan ne wurinta ba. Ku tashi mu tsallaka."

Ya miƙe ya sa takalmi, muka bi shi a jere muka tsallaka titi, zem suna yi mana hon. Ofishin wani ɗan shago ne a gaban gidansa, tebur ɗaya, benci biyu, tutar ƙasa a jikin bango. Ya sa carbin a aljihu, ya ɗauko tabarau ya sa, ya zauna. Ya nuna mini benci ya ce, "Madam, zauna." Na ce a ƙasa ma ya isa. Ya ce a nan ba a durƙuso.

Ya juya wurin Malam Nura. "Ta yi sata?"

"A'a."

"Ta doki wani? Ta hana ku barci da kiɗanta? Ta shiga masallaci ta ce a bi ta?"

"Ba ta yi ba, amma tsohuwa…"

"Tsohuwa uwata ce, za a zo nan. Ina tambayarka abin da ta yi wa unguwa."

Malam Nura ya ce, "Alhaji, kai fa Musulmi ne. A garinmu da tuni hukuma ta shiga maganar."

"Bon, to. A can tsallake Musulmi ne ni, a nan ma Musulmi ne, ba na cire shi kamar hula. Amma wannan," ya ɗaga hatimin, "ba ya salla. Ƙasar nan layik ce, gwamnati ba ta da masallaci, ba ta da coci, ba ta da ɗakin tsafi. Ƙaninka ba a Kalabi yake haya ba? Delegen layinsu ɗan cocin nan ne masu farar riga marasa takalmi. Kowace asuba ƙaninka yana kunna karatu a rediyo, na sani don na kwana can. Ranar da na buga wannan saboda waƙarta, wancan ma yana da nasa a aljihun tebur. Kakanninmu baƙi suka zo nan, masu gari ba salla suke yi ba, suka ba su wuri, ba su ce sai sun durƙusa wa abin da suke durƙusa wa ba. Ni ba zan fara ba."

Wani daga baya ya ce, "To shi ke nan ta ci gaba?"

"A ɗakinta, da muryar da ba ta dami maƙwabci ba, ta yi ta yi har ta gaji. Wanda ya taɓa mata ƙofa, ni zan kai shi komisariya wurin 'yan sanda da ƙafata."

Suka fita suna gunaguni. Ni kuwa ina zaune a benci, ban taɓa jin mai hukuma ya yi magana haka a kaina ba. Na fara jero godiya, har ina shirin in ce bari in leƙa Inna in gaya mata. Alhaji ya cire tabarau ya ninke, ya mayar da hatimin cikin tebur ya kulle, ya rako ni har waje. A bakin ƙofar gidansa ya tsaya.

"Saratu, delege ya gama. Yanzu ɗan Inna ne zai yi magana. Daga yau kada ki ƙara shiga ɗakinta."

Na ji kamar an watsa mini ruwan guga. Na ce, "Alhaji, yanzu fa ka ce ban yi laifi ba."

"Ba ki yi ba. Ban ce da nufi kika yi ba. Amma uwata ta kusa, hankalinta yana tafiya yana dawowa. Abin da kunnenta ya saba da shi, shi bakinta zai kama. Ina so kalmarta ta ƙarshe ta zama shahada, kuma ba zan yi caca da wannan ba."

"Ni ce fa nake juya ta alƙibla! Jikokinka suna ina lokacin?"

"Na sani. Allah ya saka miki." Bai ɗaga murya ba. "Unguwa ta gwamnati ce, shi ya sa ban bari an taɓa ki ba. Nan kuwa gidana ne. Hatimi ba ya shiga nan, ko don ni ko don ke."

Na so in yi masa rashin kunya, na rasa ta inda zan kama. Da uwata ce a kan gadon, aka ce wani yana koya mata abin da ba namu ba a ƙarshen kwananta, ban san me zan yi ba. Na koma ɗaki na kwance kayan da na ɗaure, ina kwancewa ina kuka. An bar mini ɗakin, an ɗauke abin da ya sa nake son sa.

Babu wanda ya taɓa mini ƙofa, gaskiyar Alhaji. Babu kuma wanda ya ƙwanƙwasa ta. In na fito tsakar gida hira takan mutu sai na wuce. Matar Malam Nura ta daina aron turmina, shi kuma gaisuwarsa ta koma ɗaga hannu. Da Salla ta zo, kwanukan abinci suka yi ta gilmawa ta gaban ɗakina, ko ɗaya bai tsaya ba. Na koma hira da rigunan gwanjo. Tulun ma na tura shi bayan ƙofa na kife masa kwano, don in na gan shi raina ɓaci yake yi.

Ana nan, wata ranar na dawo daga kasuwa gab da magariba, na zube a tabarma ko mayafi ban cire ba, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na tashi zaune. Aka sake. Ban yi magana ba, don an hana ni shiga, kuma na san magana ta saman bango shiga ce ta wata hanya. Amma ba wanda ya ce kada in taɓa tuluna a ɗakina, delege da bakinsa ya ce in yi har in gaji. Na jawo shi jikin bango, na buga sau ɗaya da tafin hannu. Ban yi waƙa ba, ban bi wani kari ba, don kada bakinta ya sake kamawa. Daga can na ji 'yar dariyarta, sannan ta ce da wani a ɗakin, "Ɓera ne, bar shi."

Haka muka koma. Kullum in na dawo, ita ta buga sanda, ni in amsa da tulu. Ma'anarsa ba ta wuce ina nan, ke ma kina nan ba. Wani lokaci bayan ta idar da salla takan ɗaga murya a addu'a fiye da yadda ake bukata, in ji tana cewa Allah ya shiryi wata mai taurin kai, ya kuma kai ta gida lafiya wurin 'yarta. Ni ma daga nan in yi tawa a zuci. Damina ta wuce muna haka. Saboda bugun nan na riƙa sauri a hanya, har mai shago ya yi mini nuni yana tambaya ko miji na samu.

Wata Talata na dawo na zauna, tulu a tsakanin ƙafafuna, ina jira. Shiru. Na ji takun mutane da yawa a ɗakin, na ji muryar Alhaji ƙasa-ƙasa yana maimaita mata kalma. Na ɗaga hannu zan buga, na fasa, don ba a kira ni ba, kuma wannan lokacin nasu ne. Ina nan hannuna a bakin tulu har aka kira magariba, sai na ji mata sun ɗauki salati.

Ranar uku na je gaisuwa. Na tsaya a ƙofar gida ban shiga ba, Alhaji ya hango ni daga cikin maza ya taso. Ya rame. Na ce, "Alhaji, ya haƙuri? Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Da shahada ta cika, Saratu. A kunnena."

Na ce, "Na ji daɗi." Kuma har ga Allah na ji, don abin da take so ke nan.

Ya dubi titi. Sannan ya ce, "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Kafin nan ta yi ta laluben sandarta, ta yi ta lalube. Muka ɗauka tashi take so ta yi, kada ta faɗi, sai na ɗauke sandar na ajiye a bayan ƙofa. Har yanzu ban san me take so da ita ba."

Ni na sani. Bango take so ta buga, ni kuma ina bayansa a zaune, taku ɗaya tsakaninmu. Na dubi mutumin nan da ya tsare mini ɗakina a gaban jama'arsa, na ga idonsa, na ce, "Wataƙila sabo ne kawai, Alhaji." Na yi masa sallama na zagaya gida.

Har yanzu ina Zongo, ina guga, ina tara abin da zan koma da shi. Ɗakin nawa ne, babu mai ikon tashina. An ba wani jikanta ɗakin Inna, ya sa talabijin a jikin bangon. In na dawo gab da magariba nakan jawo tulun in zauna, in ji ana ƙwallo da Faransanci, har a kira salla.